Turaren Wuta da Cakin Hajiya Rabi

Lokacin sanyi ne, irin sanyin da ban san Allah Ya halitta ba sai da na zo. Ƙanƙara ta zuba ta kwanta a bakin titi, ta yi fari na kwana biyu, daga nan ta koma kalar tokar murhu, ta zauna a haka wata da watanni. Shekarar kuwa ba zan ce mai ɗaci ba ce. Ba ta da ɗanɗano ne kawai. A farkonta Malam ya rasu, na yi takaba a ɗakina a Haɗejiya, ina fita aka ce babbar 'yata ta haihu a Amurka, ba ta da mai kama mata. Aka yi mini takardu, aka kawo ni, aka ajiye.

Ita ce 'yar farina, don haka ba na kiran sunanta, kuma ko a rubutun nan ba zan sa shi ba. Maman Nana zan ce mata, Nana ita ce jaririyar. Aikin jinya take yi a wani asibiti. Mijinta direban babbar mota ne, yakan yi mako biyu ko uku ba mu gan shi ba. Gidansu yana hawa na biyar a wani dogon gini a University Heights, cikin Bronx, kuma daga tagar falo ana ganin jirgin ƙasa yana wucewa ta sama, a kan ƙafafun ƙarfe.

Tagar nan ita ce zangona na farko. In yi wa Nana wanka, in ba ta madara, in goya ta har ta yi barci, in yi salla, in koma taga. In aka ce ci, in ci. In aka tambaye ni ya nake jin garin, in ce alhamdu lillahi. Ba kuka nake yi ba. Da ma kukan ne, da an san abin da za a ce mini. Mutanen gida sukan kira a waya, ina jin muryoyinsu da kukan awaki a bayansu, sai in ji kamar labarin wasu mutane ake ba ni.

A ƙasan akwatina akwai wani ƙunshi da maƙwabciyata Ya Falmata ta cusa mini. Babarbariya ce, ita ta koya mini haɗa turaren wuta tun ina amarya. A ciki akwai itacen sandal da hawi, da farcen turare da aka riga aka wanke aka soya, da 'yan kwalaben madarar turare. Ban kwance shi ba sai da na yi wata biyu. Wata rana da hantsi, ban san abin da ya tashe ni daga taga ba, na narka sukari a tukunya, na zuba itacen ina juyawa. Da ya huce na ɗora ɗan kaɗan a murfin gwangwani bisa wutar girki don in ji ko ya yi.

Sai wani farin abu mai kama da faifai da ke manne a saman ɗakin ya fara ihu. Nana ta farka tana kuka. Ni kuwa na tsaya da ludayi a hannu ina kallonsa. Mai kula da ginin ya hawo, wani dattijo mai jin Sifaniyanci, ya ɗauki sandar tsintsiya ya dungure shi ya yi shiru, ya buɗe taga. Na zaci faɗa zai yi. Sai ya tsaya a tsakar ɗakin ya ja numfashi, ya dafa ƙirjinsa, ya faɗi wata doguwar magana da ban tsinci komai a ciki ba sai "mama". Ya nuna mini da hannu in riƙa buɗe taga, ya fita. Bayan fitarsa na lura cewa hancina yana aiki. Tun rasuwar Malam ban ji ƙanshin komai ba sai ranar.

Zango na biyu shi ne shagon Anti Memuna, a kwanar layinmu, inda ake sayar da manja da garin kwaki da busasshen kifi. 'Yar Zangon Kumasi ce, Hausarta irin tasu ce, mace ma "kai" take ce mata. Na shiga sayen daddawa, ta kama bakin hijabina ta shinshina.

"Mma Hawa, wannan ƙanshi a ina ka saya? Kar ka ce mini sirri ne, ni ba na riƙe sirri."

Na ce mata ni na haɗa. Ta ce in kawo kwalba shida ta gani. Kafin Juma'a ta zagayo sun ƙare. Daga nan ta ja ni wani suna a Park Hill, can Staten Island, muka hau jirgin ƙasa, muka hau jirgin ruwa, muka hau bas. Ranar na fara ganin teku, na dube shi kamar yadda nake duban titi. A gidan sunan wata mata ta ɗauki hoton kwalabena da lambar wayata ta watsa a zaurukan mata na waya. Lokacin saƙon murya ya fara yawa a hannun irinmu, kuma ya yi mini daɗi, don karatuna na yaƙi da jahilci ne, na yi shi ina da 'ya'ya huɗu. Ina karanta Hausa ina bin layi da yatsa. Turanci kuwa sai lambobi da 'yan kalmomi.

Sai ga kira daga Toronto, daga Landan, daga Jidda. Mata ne namu, masu aurar da 'ya'ya ko masu kewar ƙanshin gida. Humra gidan waya ba sa karɓa saboda ruwa ce, amma turaren wuta yana tafiya. Yadda muke ciniki kuwa, yadda ake yi a gida ne. Mu gaisa, mu tambayi yara, mu yi ciniki, in aika kaya. Kuɗi ya biyo baya duk ranar da Allah Ya yi, a hannun matafiyi ko a hannun wani ɗan'uwa da zai kawo shagon Anti. A garinmu in ka ce wa mutumin kirki sai ya biya kafin ya ga kaya, ka ce masa ɓarawo ke nan. Kuma a watannin nan babu wadda ta ci mini ko sisi.

Maman Nana ta ga abin yana tafiya, sai ta kai ni banki ta sa sunana a asusunta, wanda albashinta yake shiga kuma ake cire kuɗin haya daga ciki. Ta ba ni kati, ta koya mini lambobi huɗu, ta nuna mini yadda ake duba abin da ke ciki a na'ura.

Wata rana wata mata ta kira, ta ce sunanta Hajiya Rabi. Ta fara da sallama cikakkiya. Muryar babbar mace ce, a nutse, Hausarta ta Kano tsaf. Ta ce a Landan take, wata ƙawarta ce ta ba ta labarina. Ba ta yi maganar turare ba a ranar farko. Ta tambayi garinmu, ta tambayi abin da ya kawo ni, da na ambaci Malam sai ta yi masa addu'a doguwa, ta ce ita ma ta san zaman takaba. Kullum da safe sai na tarar da saƙonta: Mama an tashi lafiya, ya sanyi, ya jikalle. A ƙasar nan babu wanda yake tambayata ya na kwana sai 'yata, ita ma tana tambaya tana neman makullinta.

Bayan mako guda ta ce za ta aurar da 'yarta, tana son turare na dala ɗari uku. Ta ce ita ba ta son riƙe haƙƙin baiwar Allah, za ta aiko da cak tun kafin in ɗora tukunya. Na ce a raina wannan 'yar mutunci ce.

Cak ya zo a babban ambulan mai kwali. Na bi lambobin da yatsa sau uku. Dubu biyu da ɗari uku. Kafin in kira ta, ta kira ni, tana salati. Ta ce akawun ofishin ɗanta ne ya yi shirme, ya haɗa kuɗina da na ƙaninta wanda yake sayo musu kayan lefe a wani gari. Yanzu ƙanin yana tsaye a kasuwa ba ko kwabo, biki ya matso. Ta roƙe ni don Allah in saka cakin a banki, in cire nawa, in tura wa ƙanin sauran ta wurin masu aika kuɗi. Ta ce, "Mama, da wata ce da hankalina ya tashi. Amma ke na san kuɗina a hannun amana suke."

A nan sai na faɗi wani abu game da Malam. Hatsi yake sayarwa. Yana da ƙa'ida ɗaya da duk gidanmu muka tashi a kanta: kuɗin mutane ba ya kwana a gidansa. Na taɓa ganinsa ya hau keke da la'asar ya tafi wani ƙauye don wani Bafulatani ya bar masa canjin da bai kai kuɗin goro ba. Ya dawo da ƙafa a kumbure, ya ci tuwo yana murmushi. To ga ni da kuɗin mutane har dubu biyu a ƙarƙashin filona.

Anti Memuna ta tafi Kumasi, mahaifiyarta ba lafiya. Maman Nana kuwa ban gaya mata ba. Tsakanina da ita akwai kunyar 'yar fari, ba mu saba zama mu baje magana ba. Ga ta kullum a gajiye. Kuma gaskiya, na so in yi abu ɗaya da kaina a ƙasar nan, ba tare da an riƙe mini hannu ba.

Na kai cakin banki, yarinyar da ke karɓar kuɗi ta karɓa ta ba ni rasit. Bayan kwana biyu na sa kati a na'ura, na ga kuɗi sun hau. A sanina, abin da banki ya nuna maka ya zama naka. Na ciro dubu biyun, na goya Nana, na tafi wani shago da ke da taga mai gilashi inda ake aika kuɗi. Mutumin da ke bayan gilashin ya dubi takardar, ya dube ni. Ya tambaye ni da Turanci a hankali ko na san wanda zan tura wa. Na ce ƙanin Hajiya ne. Ya sake tambaya, ko na taɓa ganinsa da idona. Na ce ƙanin Hajiya ne. Ya ɗan jima hannunsa a kan kuɗin, sannan ya buga, ya ba ni lamba. Na karanta wa Hajiya Rabi lambar a saƙon murya, ɗaya bayan ɗaya. Ta sa mini albarka har da su Nana.

Washegari na kai kwalinta gidan waya. Na yi mata gyara da kwalba biyu, saboda amarya. A hanyar dawowa na ji wani abu ya ɗan motsa a ƙirjina. Na ce da Malam yana nan da ya ce na kyauta.

Kwana tara aka yi. Ranar Maman Nana ta dawo daga aiki da azahar, ba ta cire takalmi ba. Da takarda a hannunta. Ta durƙusa a gabana kamar yadda ta saba in za ta gaishe ni, amma ba gaisuwa ta yi ba.

"Umma, wane cak kika saka a banki?"

Na gaya mata komai, tun daga sallamar farko. Ba ta katse ni ba. Da na zo kan mutumin bayan gilashi sai ta rufe ido. Ta ce in ba ta wayata. Hoton Hajiya Rabi ya ɓace daga kan lambar, kira ba ya shiga. Ta ɗauko ambulan ta juya shi, ta ce ko daga Landan ma bai fito ba.

Muka je bankin tare. Wata mata mai tabarau ta zaunar da mu, tana magana, Maman Nana tana juya mini da Hausa ba tare da ta dube ni ba. Cakin na jabu ne. Banki yakan nuna maka kuɗin cak da wuri, tun kafin ya gama bincike, kamar aro ne ya ba ka. In cakin ya dawo, wanda ya saka shi ne zai biya. Abin da na tura ta taga kuwa an karɓe shi a ranar, ba a kiran irinsa ya dawo. Wato ba kuɗin Hajiya Rabi na mayar ba. Kuɗin hayar 'yata na ɗauka na ba wani da ban taɓa gani ba. Suka kuma rufe asusun na wani lokaci, har sai sun gamsu ba da mu aka haɗa baki ba.

Matar ta miƙo mini takardar share hawaye. Na karɓa na riƙe. Idona a bushe yake.

Takardar mai ginin ta zo a kan haya. Maman Nana ta karɓi ƙarin aiki, Asabar da Lahadi ma tana fita. Ba ta ɗaga mini murya ba ko sau ɗaya, da ma ta ɗaga. Abin da ta ce kawai, tana wanke kwano ta ba ni baya, shi ne, "Umma, a bar sana'ar nan haka. Ba mu rasa ci ba." Na ce to. Ta hau kujera ta ɗora tukunyar turaren a saman kabad, inda hannuna ba ya kaiwa.

Bayan mako biyar kwalin ya dawo, a lotse, an bubbuga masa hatimi. Babu mai wannan suna a wannan adireshi. Na buɗe, kwalabe suna nan yadda na jera su, har da na gyara. Ashe ko turaren ma ba ta so. Na mayar da murfin, na tura shi ƙarƙashin gado, na koma taga. Ƙanƙara ta narke, itatuwa suka yi ganye, jirgi yana wucewa. Hancina ya sake rufewa.

Anti Memuna ce ta hawo bene biyar ɗin nan da ƙafa, ranar lif, na'urar hawa bene, ya lalace, ta iso tana haki tana zagin mai ginin. Ta riga ta ji labari. Ta zauna ta sha ruwa, ta dube ni.

"Mma Hawa, an ce ka yi sadaka da dubu biyu. Ni da nake kusa ba ka gan ni ba?"

Ban yi dariya ba, amma Maman Nana ta yi, karo na farko a wata uku. Anti ta ce ita ma an taɓa yi mata, shekarar da ta buɗe shago, da hoton rasit na ƙarya, ta aika atamfa har turmi goma. Ta ce a Zango da Haɗejiya in mutum ya cuce ka, ka san ƙofar gidan ubansa, shi ya sa amana take aiki. A waya kuwa murya ce kawai, kuma murya ba ta da ƙofar gida. Sannan ta juya kan Maman Nana ta ce mata ita ma'aikaciyar jinya ce, ta dubi uwarta da kyau ta faɗa mata ko wannan zaman taga lafiya ne.

Sun daɗe suna magana, rabi Hausa rabi Turanci. A ƙarshe Maman Nana ta yarda in koma sana'ar, amma da sharaɗi. Za ta buɗe mini shafi a intanet, irin wanda mai saye yake biya da katinsa, kamfani yana tsakani yana riƙe da shaidar komai. Za a buɗe wa sana'ar asusunta daban, wanda ba ya taɓa na haya. Kaya ba zai fita ba sai ita ta duba da idonta ta ga kuɗi sun zauna, ba hoton rasit ba, ba rantsuwa ba. Cak kuwa ko na waye, a'a. In wani ya ce ya biya fiye da kima, ta hanyar da kuɗin suka shigo za su koma, ba ta taga ba, kuma ba a ranar ba. Anti ta ƙara da cewa ko mai kati yana iya cewa kaya bai iso ba a janye kuɗin, don haka kowane kwali sai an karɓo masa rasit mai lambar bin sawu, a adana.

"Kuma ko waye, Umma," in ji Maman Nana. "Ko waye. In aka karya sau ɗaya, zan rufe shafin. Ba don fushi ba. Ba zan iya sake wata uku irin waɗannan ba."

Na ce na ji. Na ɗauki biro na rubuta sharuɗɗan da hannuna a bayan wata takardar kalanda, da manyan baƙaƙe irin na ajinmu, na manna a jikin firji. Ta hau kujera ta sauko da tukunyar.

Da baƙi abin bai yi mini wuya ba. Mace ta kira, mu gaisa, in tura mata shafin, in ce 'yata ce ta tsara haka. Wasu sukan yi shiru su tafi, wasu su biya. Wani mutum daga Jamus ya turo hoton rasit yana ta gaggawa, ya ce matarsa ce ke jira. Na ce masa to, Allah Ya kai mu kuɗin su iso. Ba su iso ba har yau. Na ci gaba da juya itace a tukunya, taga a buɗe. Ba zan ce na warke ba. Amma da safe ina da abin da zan tashi in yi.

Ana saura kwana kaɗan azumi Yaya Ladidi ta kira. Yayar Malam ce, uwa ɗaya uba ɗaya. Ita ta karɓe ni ranar da aka kawo ni gidansu, ita ta yi mini wankan jegon Maman Nana, kuma da Malam ya rasu ita ta bar gidanta ta zo ta zauna da ni har na fita takaba, tana tsefe mini kai, tana tilasta mini kunu. Yanzu tana Jidda wajen ɗanta Auwalu. Da la'asar ne, Maman Nana tana gida tana guga, wayar kuma a buɗe take kowa yana ji.

Muka gaisa, muka daɗe. Sannan ta ce jikarta za a aurar bayan Salla, kuma ta rantse ba za a turara ɗakin yarinyar nan da turaren kasuwa ba alhali ina raye. Kwalba ashirin take so, manya.

"Ki aiko kawai, Hauwa. Akwai wani abokin Auwalu mai zuwa wajenku bayan Salla, zan ba shi kuɗin ya kawo miki. Ko sai na rantse?" Ta yi dariya.

Na ce, "Haba Yaya." Abin da ya fito ke nan. Muka yi sallama.

Maman Nana ta kashe dutsen guga. Ta ce, a hankali, "Umma, ko waye muka ce."

"Yayar babanku ce."

"Na sani. Gwaggo ce, ita ta yi mini kitson farko. Ba ita nake tsoro ba. Amma abokin Auwalun nan waye? Kuma in an buɗe wa Gwaggo, gobe wata za ta kira ta ce ita aminiyar Gwaggo ce, ta yi wa Baba addu'a, ke kuma ba za ki iya ce mata a'a ba. Na san ki."

Gaskiya ta faɗa. Amma ita a makaranta ta girma, daga nan ta taho nan. Ba ta san nauyin a ce wa matar da ta tsefe maka kai kana takaba ta biya kafin ta ga kaya ba. In na faɗa, maganar za ta isa Haɗejiya kafin ta isa kunnen Auwalu: Hauwa ta je Amurka ta koyi halin Turawa. In kuma na aika a ɓoye, tukunya za ta koma saman kabad, kuma wannan karon ba mai sauko da ita. Kyauta ma ba zan iya ba, kwalba ashirin duk jarina ne.

Na shiga kicin na tsaya gaban firji ina kallon rubutuna. Na bi shi da yatsa tun daga sama har ƙasa, kamar wani ne ya rubuta. Duk maganar ciniki ce. Babu inda aka hana ni kyauta da abin da ƙarfina zai iya.

Washegari da na idar da sallar asuba na yi wa Nana wanka, na ba ta koko. Na jawo kwalin nan daga ƙarƙashin gado, wanda ya je Landan ya dawo. Turare in ya kwanta ƙara kyau yake. Na zaɓi kwalba uku, na goge su, na naɗe kowacce a tsumma, na sa a sabon kwali. A kan wata 'yar takarda na rubuta: gudummawar Hauwa da marigayi Malam.

Sannan na ɗauki waya. Sau biyu ina farawa ina gogewa. A na uku na bar shi ya tafi yadda ya fito.

"Yaya, barka da asuba. Na sa kwalba uku a hanya yau, gudummawarmu ce ni da ƙaninki, ba na sayarwa ba ne, kar ki yi mini maganar kuɗinsu. Sauran kuwa na sana'a ne, kuma sana'ar ba tawa ce ni kaɗai ba. An taɓa cutata a nan, Yaya, 'yarki ta biya da guminta wata uku, ban gaya wa kowa a gida ba. Na yi mata alkawari kaya ba zai fita ba sai an biya ta shafin nan, ko waye. Ga shi na turo, ki ba Auwalu ya latsa, ya san yadda ake yi. In na ɓata miki, ki yafe mini."

Na tura shafin a ƙarƙashinsa. Alama ta nuna saƙon ya isa, ba a buɗe ba tukuna. Na kifa wayar a kan tebur, na bar ta a nan.

Na goya Nana, na sa hijabi, na ɗauki kwalin na sauka. A gidan waya ma'aikacin ya auna shi, ya tambaye ni ko ina son mai lambar bin sawu, ya fi tsada. Kyauta ce, babu wanda zai ce bai gani ba a janye mini komai. Duk da haka na ce masa e, ya ba ni mai lambar. Na ninke rasit ɗin gida huɗu, na ƙulle shi a bakin zanena.